Waiwaye: yadda shirun ƙa'idar C ya koma tarko ga masu rubuta manhaja

Lokacin da kwamitin ANSI, hukumar tsara ƙa'idoji ta Amurka, ya kammala ƙa'idar C, harshen rubuta manhaja, a 1989, injuna sun sha bamban da juna. PDP-11, wadda Dennis Ritchie ya gina C a kanta, tana ajiye lambobin da ke ƙasa da sifili ta wata hanya, injunan UNIVAC kuma ta wata. Idan lissafi ya fi ƙarfin gurbinsa, wata na'urar ta zagayo ƙasa, wata ta tsaya cak. Kwamitin bai so ya tilasta wa kowa hanya ɗaya ba, sai ya ware wasu al'amura ya ce bai gindaya komai a kansu ba. Su ne masu sana'ar ke kira undefined behaviour, wato halin da ba a fayyace ba, ko UB a taƙaice. Raba lamba da sifili, karanta abin da ya wuce ƙarshen jeri, bin manuni fanko (adireshin ajiya da ba ya nuna komai), duk suna ciki, kuma adadinsu a ƙa'idar 2011 ya kai wajen 200.

Gardamar ko mai rubuta manhaja zai iya dogara da abin da injinsa ke yi idan UB ya faru, daga ƙa'idar ta samo asali, domin ta ce UB na iya fitowa daga rubutu mai kuskure, ko daga rubutun da ya dogara da wata na'ura takamaimai. Masu rubuta direbobi, wato manhajojin da ke magana da na'ura kai tsaye, suka riƙe na biyun. Hujjarsu ita ce sun san injinsu, sun san abin da zai yi. A wancan zamanin da gaskiyarsu, don kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutu zuwa umarnin na'ura, kusan layi bayan layi yake yin aikinsa.

Daga baya kwamfaila ya fara ɗauka cewa UB ba ya taɓa faruwa, yana gina saurin manhaja a kan haka. A 2007 aka kai ƙorafi cewa kwamfailan GCC yana share gwajin a + 100 > a. Gurbin lamba na int mai bit 32 iyakarsa 2,147,483,647, kuma mai rubutun yana jiran lambar ta zagayo ne ya kama ta. GCC kuwa ya ce tunda ambaliya, wato lissafin da ya wuce iyakar gurbinsa, UB ce, amsar gwajin kullum e ce, sai ya cire shi. Masu GCC suka tsaya a kan cewa laifin na mai rubutun ne. Maganin shi ne a gwada da INT_MAX, wato iyakar int, kafin a tara: a > INT_MAX - 100.

Abin da ya fi girgiza mutane ya zo a 2009, a direban tun na Linux 2.6.30. An karanta tun->sk tukuna, sannan a ƙasa aka duba ko manunin tun fanko ne. GCC ya ce manunin da aka riga aka bi ba zai zama fanko ba, ya share dubawar. Brad Spengler ya nuna cewa wanda ya iya shimfiɗa bayanansa a adireshi sifili zai ƙwace iko da na'urar gaba ɗaya. Linux ta gyara layin, ta kuma ƙara tutar -fno-delete-null-pointer-checks, wato umarnin da ke hana kwamfaila share irin wannan dubawa, a kan -fno-strict-aliasing da take amfani da shi tun da daɗewa.

Waɗannan tutoci su ne ke raba gardamar. Linux ba ta dogara da sa'a ba, ta karɓi rubutaccen alkawari ne daga kwamfaila. Wanda ya sa -fwrapv, ambaliya a wurinsa ta zama abin da aka fayyace. Wanda ba shi da irin wannan alkawari kuwa, kuskure ne ke kwance a manhajarsa ko da tana aiki lafiya yau, domin sabon kwamfaila ko ƙaura daga -O0 zuwa -O2, wato ɗaga matakin neman sauri, na iya tayar da shi. Sai dai su ma masu kwamfaila suna da nasu kason laifi, don share gwajin tsaro ba tare da ko gargaɗi ba bai dace ba.

A 2013 masu bincike a MIT suka fitar da wani kayan binciken manhaja mai suna STACK, wanda ya tono kurakurai 160 irin waɗannan a manhajojin da ake amfani da su. GCC da takwaransa Clang kuma suna da tutar -fsanitize=undefined mai kama UB yayin da manhaja ke aiki, amma iyakar abin da yake kamawa shi ne layukan da gwaji ya bi ta kansu. C++20 da C23 sun wajabta hanya ɗaya ta ajiye lambobin ƙasa da sifili, wato dalilin 1989 ya kau, amma har yanzu ambaliyar int UB ce, saboda kwamfaila yana samun sauri da ita wajen sarrafa madauki, wato umarnin da ake maimaitawa.