Me ake nufi da "ƙarafa masu nauyi" a ruwan fadama?

Duk wanda ya taɓa ɗaga batirin mota ya san nauyin dalma. Daga nan sunan ya fito: ƙarafa ne da suka ninka ruwa nauyi wajen sau biyar ko fiye. Dalma ta ninka shi sau 11, zaiba kuwa, duk da malalar da take yi a tafin hannu, ta haura sau 13. Sai dai idan masana suka ambaci kalmar, gubar da ke cikinsu suke nufi.

Mu a Zamfara ba a littafi muka karanta ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma: dutsen zinare mai dalma ake dakawa a tsakar gida, ƙura ta kwanta a ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Yara kusan 400 suka rasu.

To, idan damina ta sauka, ina ƙurar nan da ruwan wankin dutse suke nufa? Gangare. Gulbin Zamfara da Gulbin Ka duk Kebbi suke gangarawa, kuma a fadama ruwa yake lafawa, laka ta kwanta, ƙarfen ya kwanta da ita. Ganye yana ruɓewa, kashin shanu yana ruɓewa, dalma tana nan daram. Tafasa ruwan ma ba ya fitar da ita, ruwan ne ke tafiya a tururi ya bar ta a tukunya.

Zaibar da masu haƙa ke kama zinare da ita ta fi makirci. Ƙwayoyin halitta na cikin laka sukan juya ta ta zama mai shiga tsoka, ƙaramin kifi ya ci, babba ya haɗiye shi, don haka masu cin 'yan'uwansu irin giwan ruwa suka fi tara ta. Cin kifi mai zaiba ne ya jawo wa masuntan Minamata a Japan cuta, wadda aka gano a 1956.

Akwai fadamun da duniya ta amince a kare, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, kamar tafkin Nguru. Amma mai gadi mafarauci yake tarewa, ba ya tare ambaliyar da ta taso daga ramin haƙa. Ruwan zai iya zama garau, babu wari, babu ɗaci. Sai an ɗebi laka da kifi an kai ɗakin gwaji kafin a san abin da ke ciki.