Bin ƙa'idojin doka ga masu kasuwanci a Najeriya

Bin ƙa'idojin doka a harkar kasuwanci shi ne mai sana'a ya sauke abubuwan da hukuma ta ɗora masa, tun daga rijistar suna, biyan haraji, karɓar lasisi, har zuwa haƙƙin yaran da suke masa aiki. A Najeriya abin ya rarrabu tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, shi ya sa mai shago ɗaya zai iya tara rasit kala uku a durowa, kowanne da tambarinsa daban.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa kasuwannin ƙasar Hausa ba kara zube suke ba. Kasuwar Kurmi a Kano, wadda ake cewa an kafa ta zamanin Muhammadu Rumfa wajen ƙarshen ƙarni na 15, tana da sarkin kasuwa da dillalai da masu lura da mudu, marina suna biyan kuɗin karofi, fatake suna biyan fito a hanya, in rigima ta tashi kan bashi ko ƙiradi, wato ba wani jari ya juya a raba riba, alƙali ne zai raba bisa mazhabar Malikiyya. Amma babu wani abu wai shi kamfani da doka za ta ɗauka kamar mutum mai zaman kansa, bashin kasuwa bashin mai kasuwar ne, in ya mutu ya hau kan gadonsa.

Dokar kamfanoni ta farko ta fito a 1912, kuma Legas kawai ta shafa, sai wajen 1917 aka faɗaɗa ta ta game ƙasar bayan an haɗe Kudu da Arewa, aka sake tsara ta a 1922. Kusan kwafin ta Ingila ce, kuma galibi manyan kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fatu ne suka amfana da ita, attajirin cikin birni ya ci gaba da harkarsa da amana da shaidu. Bayan samun 'yanci an yi dokar rijistar sunan kasuwanci a 1961, sannan gwamnatin Gowon ta kawo dokar kamfanoni ta 1968 ana tsaka da yaƙin basasa, ita ma daga ta Ingila ta 1948 aka ɗebo yawancinta. Babban canjin ya zo a 1990 lokacin Babangida, da dokar da ake kira CAMA, ita ce ta kafa CAC, hukumar rijistar kamfanoni, ta kuma haɗa kamfani da sunan kasuwanci da ƙungiyoyi a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ta yi shekara 30 tana aiki kafin Buhari ya sa hannu a sabuwa ranar 7 ga Agusta 2020.

Rijista

Abu biyu ne suka fi yawa. Akwai rijistar sunan kasuwanci, mai sauƙi mai araha, sai dai mutum da kasuwar abu ɗaya ne, in an ci bashi ana iya bin gidansa da gonarsa. Wanda yake kasuwanci da sunansa na gaskiya ba ƙari, doka ba ta tilasta masa ba, amma da ya liƙa wani suna na daban a allon shago to ana so ya yi rijista cikin kwana 28. Na biyun shi ne kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda asarar mai shi ta tsaya kan hannun jarinsa. A da sai mutum biyu, shi ya sa za ka ga an rubuta sunan mata ko ƙane a matsayin darakta alhali bai ma san inda ofishin yake ba, dokar 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai, da jarin da bai gaza naira 100,000 ba, ta kuma sauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin ɗaukar sakatare da mai binciken kuɗi.

Inda jama'a suka fi faɗawa shi ne rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa CAC. Mutum zai karɓi satifiket ya sa a firem ya rataye, ya ɗauka an gama ke nan, sai ranar da ya je neman kwangila ko bashin banki a buɗe kwamfuta a ga an rubuta kamfanin ba ya aiki, ga tara ta taru ta shekaru. A 2024 an umarci masu POS su ma su yi rijista, an sa wa'adi a watan Yuli daga baya aka ɗage.

Sashe na 839 na dokar 2020, wanda ya ba CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya, ya sha suka daga ƙungiyoyin addini da masu zaman kansu.

Haraji

Kowane kasuwanci yana buƙatar lambar haraji, wato TIN, banki ba ya buɗe asusun kamfani babu ita. Kamfani tarayya yake biya, mai sunan kasuwanci kuma jiharsa. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kuɗin kaya da hidima, ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin 100, ya koma 7.5 a Fabrairun 2020, a lokacin ne kuma aka yafe harajin kamfani ga wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, amma yafiyar ba ta ɗauke wajabcin cike takardu ba. Jihar Ribas ta kai ƙara a kan wa ke da ikon karɓar VAT, ta yi nasara a kotun tarayya a 2021, aka ɗaukaka ƙara. Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, waɗanda suka canza sunan hukumar tara haraji ta tarayya daga FIRS zuwa NRS.

Lasisi da ma'aikata

Mai fiya wata, burodi, man shafawa ko magani sai da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Dillalan motoci da masu gwal da otal suna buƙatar takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram. Kuɗin shago da na rumfar kasuwa na ƙaramar hukuma ne.

Dokar fansho ta 2014 ta sa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 8. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, sai dai bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba.