Don Allah a daina fakewa gindin bishiya idan hadari ya haɗo

Duk damina sai an kawo mana su asibiti, mutanen da tsawa ta faɗa wa. Wani da ƙuna a baya, wani kunnensa ya daina ji, wani kuma ko numfashi babu. Ka tambayi inda aka same shi, amsar ba ta canzawa: gindin bishiya. Wallahi abin yana ci mini rai.

'Yan uwa, hadarin nan da kuke gani ya yi toroƙo kamar tsauni, kansa ya baje kamar uwar maƙera, zafin rana ne ya gina shi. Ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi da laima ta tashi sama, ta huce ta zama girgije, ya yi ta hawa har ya wuce kilomita 12. Can ƙoli ruwan yake daskarewa, ƙanƙara na gogar juna, daga nan wutar tsawa take samuwa. Wani lokaci baƙin girgije ya shimfiɗo ƙasa-ƙasa a gaban hadarin kamar rumfa. Iska mai sanyi ce ta zubo daga cikinsa ta tura mai ɗumi sama. Wani lokaci kuma ƙarƙashinsa ya yi kumburi-kumburi kamar hantsar saniya. Abin kallo ne, ban musa ba.

Amma sai mutum ya gama kallo, yayyafi ya fara, ya ruga ƙarƙashin bishiya mafi tsawo, har da yara. Haba! Tsawa ta fi sauka kan dogon abin da ke tsaye shi kaɗai. Idan ta faɗa wa bishiya, wutar na tsallakawa jikin na kusa, ta kuma bazu ta cikin ƙasa. Shi ya sa ake rasa dabbobi da yawa lokaci guda. Tsoron jiƙewa ne? Rigar ai za ta bushe.

Kada ku ce ruwa bai iso ba tukuna. Tsawa na iya sauka kilomita 15 daga inda ake ruwan. Muddin kun ji cida, kuna cikin haɗari.

Ku shiga ginin da ke da bango da rufi, ko mota a rufe gilasai. Ku fita daga kogi, ku sauko daga tudu, ku nisanci shingen waya. Bayan cida ta ƙarshe ku ƙara minti 30 kafin ku fito.

Wanda tsawa ta faɗa wa kuwa, babu sauran wuta a jikinsa. Ku taɓa shi. In ba ya numfashi, ku fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani ya nemo abin hawa a kawo mana shi.