Toyota Prius a aikin tasi a Accra: gwajin lafiyar mota da cututtukanta

Toyota Prius mota ce mai haɗa injin fetur da injin lantarki, irin da makanikai ke kira haibirid. Kamfanin Toyota ya fara sayar da ita a Japan a ƙarshen 1997, ta shiga kasuwannin duniya a 2000. Ƙarancin shan mai ya sa ta yi suna a aikin haya a birane kamar Landan. A Accra ba ita ce ta fi yawa ba, domin ƙananan motoci irin su Toyota Vitz da Kia Picanto sun fi cika titi, amma tsadar fetur na jawo hankalin direbobi gare ta, har da 'yan zango na Nima da Maamobi da Madina, musamman tun da Uber, manhajar kiran tasi ta waya, ya shigo birnin a 2016 kuma takwaransa Bolt ya biyo baya.

Akasarin waɗanda ake gani tsofaffi ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema. Gana ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974, saboda haka masu sitiyari a hagu ake nema, yawanci daga Amurka. Samfuri biyu suka fi shahara a kasuwar tsofaffi: na 2003 zuwa 2009 mai inji lita 1.5, da na 2009 zuwa 2015 mai lita 1.8.

Gwajin hukuma

Hukumar lasisin direbobi da motoci ta Gana, DVLA, wadda aka kafa a 1999, ita ke ba da takardar shaidar cewa mota ta cancanci hawa titi, abin da direbobi ke ce wa rodwodi. Motar gida sau ɗaya ake duba ta a shekara, motar haya kuwa duk wata shida. Ana yin gwajin a ofisoshin hukumar da kuma tashoshi masu zaman kansu da ta ba lasisi. Ana duba birki, fitilu, tayoyi, sitiyari, gilasai, ƙarƙashin mota da lambar shasi.

A waɗannan fannoni Prius ba ta cika ba da kunya ba. Idan direba ya taka birki a hankali, injin lantarki ne ke rage gudun yana mayar da ƙarfin cikin batir, don haka fatun birkinta na daɗewa fiye da na sauran tasi. Ba ta da kulochi, ba ta da kik irin na sauran motoci, samfurin 2009 ma ko fanbel ba shi da shi. Abin da ke kayar da ita a gwaji ƙananan abubuwa ne da kowace tasi ke fama da su: ƙwan fitila da ya mutu, taya da ta suɗe, shokozoba da robobin ƙafa da ramuka suka cinye. Gajeruwa ce kuma, tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce kimanin santimita 14 ba, ga fasinja huɗu da kaya, sai ta riƙa gogar tudun rage gudu.

Sai dai takardar tana shaidar cewa motar ba za ta cutar da jama'a a titi ba ne, ba ta auna abin da ke kashe Prius. Mota na iya cin gwaji da safe alhali batirinta na gab da mutuwa. Mai saye da ya dogara da sitikar da ke manne a gilashi ya sayi kura a rufe.

Babban batir

A samfuran nan biyu batirin yana bayan kujerar baya, ɓangarori 28 ne jere, kowanne bolt 7.2, jimilla 201.6. Zafi ne babban makiyinsa. Wata ƙaramar fanka ke zuƙo iska daga cikin mota ta wata kafa a gefen kujerar baya tana hura masa. A tasi wannan kafar ce fasinja ke toshewa da jaka ko ƙullin kaya ba tare da ya sani ba, ƙurar hunturu ta Disamba zuwa Fabrairu kuma ta cika fankar. Direban da ke kashe kwandishan don tsimin mai yana sauke gilashi, to batirinsa yake gasawa a cunkoson unguwannin Accra irin su Circle ko Kaneshie.

Alamun gajiyarsa sanannu ne: ma'aunin caji na cika da saukowa cikin gaggawa, injin fetur ya ƙi hutawa, shan mai ya ƙaru, daga bisani jar alama mai kusurwa uku ta bayyana. Idan aka jona kwamfuta, lambar P0A80 ke fitowa. Gyaran da ya fi araha shi ne a cire ɓangaren da ya raunana a sa wani na kwance, irin da ake nema a kasuwannin kayan mota na Abossey Okai a Accra ko Suame Magazine ta Kumasi. Gyara ne na ɗan lokaci, domin sauran 27 ɗin sa'anninsa ne, ba a jimawa wani ya biyo shi. Wayoyin da aka rufe da roba mai ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ke iya kisa, ba aikin yaron shago ba ne.

Akwai kuma ƙaramin batir na bolt 12 a cikin but. Idan ya yi sanyi motar ba ta tashi ko da babban lafiyarsa ƙalau, kuma an sha ɗora wa babban laifin ƙaramin.

Inji da sauransu

Samfurin 2009 na da ciwon kansa. Hanyar da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, wato EGR, tana toshewa da baƙin dauɗa, inji ya riƙa karkarwa da sanyin safiya, kuma makanikai na danganta hakan da ƙonewar gaskit ɗin kan inji. Tsofaffin cikinsu na shan baƙin mai, wanda ya kamata ya zama marar kauri, 0W-20. A Fabrairun 2014 Toyota ta yi kiranyen Prius kusan miliyan 1.9 don gyara manhajar da ke kula da inbata, na'urar da ke sarrafa wuta tsakanin batir da injin lantarki. Motar da ta fito daga gwanjon Amurka ana iya bincika ta da lambar shasi a ga ko an yi mata wannan gyaran. A samfurin 2003 famfon ruwan sanyaya inbata ne ya fi mutuwa, sai allon gudu da kan ɗauke ya bar direba cikin duhu.

Na'urar matsa man birki, mai aiki da lantarki, kan gaji a duka biyun. Alamarta ƙugi akai-akai daga gaban direba, kuma wannan ciwon kam yana iya kayar da mota a gwaji, tunda fitilun gargaɗin birki na kunnuwa. Kwamfuresar kwandishan ma ta lantarki ce, man ND-11 kaɗai take karɓa. Na gama-gari yana sa wuta ta zurara.

Saura maganar ruwa. Unguwannin bakin rafin Odaw kamar Alajo na ambaliya da damina, kuma Prius ɗin da ruwa ya kai ƙasan but ɗinta ba a tayar da ita sai an buɗe batirin an duba.