Waiwaye: Daren da Aka Rufe wa Makaɗan Zambiya

Tun da mawaƙin Amurka Travis Scott ya gutsuri kiɗan Amanaz, wata tsohuwar ƙungiyar makaɗan rok ta Zambiya, ya saka a waƙarsa a 2023, ake ta ja-in-ja a kan abin da ya sa sai da baƙi suka tono faifan ƙungiyar kafin 'yan gida su waiwaye shi. Wasu na cewa 'yan Zambiya ne suka raina nasu. Wannan hukunci ya yi gaggawa.

Farkon labarin kowa ya haddace. Samari biyar suka haɗu a Kitwe, garin haƙar jan ƙarfe, suka kafa Amanaz a 1973. A 1975 suka fitar da Africa, faifansu na fari kuma na ƙarshe, mai waƙoƙi 12, uku a cikinsu da harshen Bemba. A wannan shekarar ce kuma farashin jan ƙarfe ya faɗi, alhali shi ke kawo wa ƙasar kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin waje. Bayan nan sai a yi tsalle zuwa ƙanjamau, wanda ya ɗauke makaɗa da dama.

Abin da ake tsallakewa shi ne dare. A ƙarshen shekarun 1970 yaƙin maƙwabciya Rodeshiya (Zimbabwe ta yau) ya fara tsallako iyaka, har bama-bamai suka faɗa kusa da Lusaka a 1978. Don tsaro aka kafa dokar hana fita, ana kashe fitilu. To, makaɗin rok na wancan zamani ba da faifai yake ci ba. Faifai talla ne kawai. Abincinsa yana bakin ƙofar zaure, inda leburan ma'adinai ke biyan kuɗin shiga ranar albashi. Da aka hana yawon dare, sai dai a yi wasa da rana tsaka, lokacin da masu kuɗin ke wurin aiki, ko a kulle ƙofa a kwana ciki har gari ya waye. Magidanci nawa ne zai iya haka kowane mako?

Mai zaure kuma ya buga lissafinsa. Ga mutum biyar da ganguna da lasifikoki, ga tsirkiyar jita da sai an shigo da ita daga waje a lokacin da kuɗin waje ya yi wuya. A gefe guda ga yaro ɗaya da akwatin faya-fayan disko. Wa zai ga laifinsa in ya zaɓi yaron? Kafin kaset ɗin sata ya cika kasuwa, ƙungiyoyi da yawa sun riga sun sayar da kayan kiɗa. Hatta Jagari Chanda na ƙungiyar WITCH, wanda ya fi 'yan Amanaz suna nesa ba kusa ba, daga baya haƙar duwatsu masu daraja ya koma.

Masu sauraro ba su guje wa kiɗan ba, wurin haɗuwa ne ya ɓace musu. Faya-fayan da suka rage kuwa suka kwanta a akwatunan gidaje kusan shekara 30, kafin masu farautar tsofaffin faya-fayai su fara bin Kitwe da Ndola suna tambaya.