Takardar Jinin Doki: Dokar Kwana da Dawaki a Gandayen Dajin Amurka

A Amurka akwai masu dawakin da in ƙarshen mako ya zo sai su loda dabbobinsu a tirela, su nufi gandun daji, su kafa tanti, su yi kwana biyu suna kilisa tsakanin duwatsu da ƙoramu. Jihohi da dama sun ware musu zangonsu daban, da turaku da wurin shayarwa da wurin zubar da kashin doki. Akwai irin wannan zango a gandun Brown County na jihar Indiana, akwai na French Creek a gandun Custer da ke Dakota ta Kudu. Waɗannan gandaye na jihohi ne, kamar yadda Yankari yake hannun gwamnatin Bauchi, don haka kowace jiha da nata sharuɗɗan. Amma a wurare da yawa, abin da malamin daji zai fara tambaya a bakin ƙofa takardar dokin ce, kafin ma ya kula da mahayin.

Takardar da ake nufi ita ce ta gwajin Coggins. Sunan wani likitan dabbobi ne, Leroy Coggins, wanda ya ƙirƙiro gwajin a 1970 a Jami'ar Cornell. Ana ɗibar jinin doki a duba ko yana ɗauke da cutar ƙarancin jini mai yaɗuwa, wadda ake taƙaita sunanta na Turanci da EIA. Ƙwayar cutar dangin HIV ce, sai dai ba ta kama mutum. Dawaki da jakuna da alfadarai take kamawa. Ba ta da magani, kuma babu rigakafinta da aka amince da shi a Amurka. Dokin da ya kamu ya kamu ke nan har mutuwarsa.

Abin da ya sa doka ta tsananta shi ne yawancin dawakin da ke ɗauke da ita garau suke a ido. Suna ci, suna sha, gashinsu na sheƙi. Mai kai ta daga wannan zuwa wancan manyan ƙudaje ne masu cizo, irin bobuwa. Cizonsu da zafi, don haka da ƙudan ya sa baki sai doki ya kaɗa wutsiya ko ya girgiza fata, ƙudan ya tashi bai ƙoshi ba, ya sauka kan dokin da ke ɗaure a turken kusa da jini a bakinsa. Ƙwayar ba ta hayayyafa a cikin ƙuda, ba ta kuma daɗewa a bakinsa, saboda haka kusanci ne matsalar. To zangon da ya tara dawakin garuruwa daban-daban a lokacin zafi, ga ruwa kusa, ai nan ne inda ƙuda yake so. Hanya ta biyu kuma mutum ne da hannunsa: a yi wa dawaki da yawa allura da tsinke ɗaya. Wannan kam gargaɗi ne ga duk mai barga, ko a Kano yake ko a Damagaram.

A Texas, duk dokin da zai shiga gandun jiha sai an nuna shaidar cewa an gwada shi cikin wata 12 da suka wuce kuma ba a samu cutar ba. Wata 12 ɗin ne aka fi amfani da shi a sauran jihohi. Takardar tana ɗauke da kamannin dokin, launinsa, farin goshi, farin ƙafa, tabo ko tambari, da zane ko hoto, don kada a shigo da wani doki da takardar wani. In kuma za a tsallaka iyakar jiha, sai an ƙara da takardar lafiya daga likitan dabbobi, wadda galibi kwana 30 take aiki.

Dokin da gwaji ya tabbatar yana da cutar, zaɓi biyu ne ya rage wa mai shi: ko a kashe shi, ko a killace shi har abada nesa da kowane doki da aƙalla yadi 200, wato kimanin mita 180, a kuma yi masa tambari. Hukunci ne mai ɗaci ga wanda ya raini dokinsa tun yana ɗan duƙushi. Kuma takardar tana da rauninta: halin jinin ranar da aka ɗiba kawai take nunawa, doki na iya kamuwa bayan mako guda ya ci gaba da yawo da ita wata goma sha ɗaya. Duk da haka, ina ganin gwajin da ake maimaitawa kowace shekara ya fi a bar kowa da rantsuwarsa cewa dabbarsa lafiya take.

Sharaɗi na biyu ya shafi abin da doki zai ci. A yammacin ƙasar, musamman a dazuzzukan gwamnatin tarayya da wasu gandayen jihohi irin Custer, ba a shiga da kowace irin busasshiyar ciyawa sai wadda jami'i ya duba gonarta kafin a yanka, ya shaida babu irin muguwar ciyawa a cikinta. Ana gane damin ta igiyar da aka ɗaure shi da ita, wadda a wurare da yawa launin shunayya ce da rawaya, ko ta alamar da aka liƙa masa. Dalili kuwa, ƙwayar iri tana iya ratsa cikin doki ta fito a kashinsa da ranta, ta tsira a gefen hanya, cikin 'yan shekaru ta cinye ciyawar da barewa da bauna suke kiwo. Shi ya sa ake ba da shawarar a fara ba dabba wannan abincin kwana biyu ko uku kafin tafiya, don cikinta ya wanke. Wanda ya karya wannan umarni a dajin tarayya, doka ta ba da damar a ci shi tara har dala 5,000 ko ɗaurin wata shida.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta. Ba a ɗaure doki kai tsaye a jikin bishiya ya kwana, don yana gwaguyar ɓawo yana tone saiwa da kofato; sai dai a ja igiya sama tsakanin bishiyu biyu a ɗaure shi a tsakiya. Kashi a kwashe a kai inda aka tanada. Wasu jihohin suna karɓar kuɗin hanya: a Minnesota duk mahayin da ya kai shekara 16 sai ya yanki izini, Indiana ma tana sayar da nata na yini ko na shekara.

Mai sha'awar kai dokinsa can daga ƙasar Hausa kuwa, tun kafin maganar zango akwai wani shingen. Saboda cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, dokin da ya fito daga ƙasar da ake da ita sai ya yi kwana 60 a killace a hannun ma'aikatar gona ta Amurka, kuma mai doki ne zai biya kuɗin zaman.