Gas ɗin Karare

Gas ɗin karare iska ce mai kama wuta da ake samu idan aka gasa itace, kara, ɓawon gyaɗa ko tuƙar rake da zafi mai tsanani, amma aka rage musu iskar da za su ci wuta sosai. Duk wanda ya taɓa zama gaban murhun gawayi ya ga ɗan uwansa: shuɗin harshen wutar nan da ke rawa a kan garwashi, kabon monoksayid ne ke ci.

Ana yin aikin a cikin tukunyar ƙarfe mai kama da ganga, inda zafi ke wuce digiri 700 a ma'aunin Salshiyas. Iskar da ake bari ta shiga ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da cikakkiyar ƙonewa ke bukata. Karan yakan bushe tukuna, ya saki hayaƙi ya koma gawayi, sannan hayaƙin da tururi su ratsa jan garwashi su rikiɗe zuwa kabon monoksayid da haidurojin da ɗan metan. Kusan rabin abin da ke fitowa naitirojin ne, wanda ba ya ci, shi ya sa ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin shida na gas ɗin da ake haƙowa a ƙasa ba. Duk da haka yana tada janareta da injin ban ruwa. A Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yi wuya a Turai, motoci kusan miliyan ɗaya ne suka yi tafiya da shi.

Samar da gas ɗin ba wuya. Wahalar tana wajen kwalta, baƙin mai ɗanƙon nan da ke biyo hayaƙi. Da ya huce sai ya daskare a bututu, ya liƙe bawul ɗin inji, kuma nan ne ƙananan tukwane da yawa suke mutuwa. Wanke shi da ruwa yana yi, sai dai ruwan ya koma guba. Hanya mafi tsabta ita ce a bi da gas ɗin ta kan katalis, wato abin da ke hanzarta sauyin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Dutsen dolomait da aka gasa yana da araha amma yana saurin marmashewa. Olibin, wani koren dutse, ya fi shi juriya. Ƙarfen nikel ya fi su duka farfasa kwalta zuwa haidurojin, sai dai ƙibiritu, wato farar wuta, na kashe shi, baƙin toka kuma na rufe masa fuska. Gas ɗin da aka tsabtace ana iya mayar da shi mai irin su dizal ta hanyar da Franz Fischer da Hans Tropsch suka gano a Jamus a shekarun 1920.

A Sudan abin gasawa ba ya yankewa. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, yankin Jazira ya zama gonar auduga, kuma bisa doka aka riƙa tuge karan bayan girbi ana ƙonewa don kashe cututtukan shuka. Hausawan da ke noma da ƙwadago daga Wad Madani har Mai Wurno sun san hayaƙin nan. Akwai kuma ɓawon gyaɗa a Kordofan da Darfur, tuƙar rake a Kenana, da muskit, wani itacen ƙaya da ya mamaye filaye a yankin Kasala. Karan auduga dai ba shi da nauyi, ga cin wuri, sai an sassare shi ko an curo shi dunƙule-dunƙule, kuma jiƙaƙƙe ba ya yi.

Kabon monoksayid ba shi da wari ko launi, yana kuma kisa cikin ɗaki rufaffe, don haka a fili ko ƙarƙashin rumfa ake kafa tukunyar.